Taɓarya da Turken Wuta

Da taɓaryar matata na karya wa taubashina hannun dama. A Zango ne, cikin garin Damagaram, a shekarun da aka fara ja wa unguwanni wutar lantarki, wadda mu muke kira kuran. Shi maƙerin farfaru ne, yana ƙera zobba da mundaye da 'yan kunne na azurfa, duk abincinsa a yatsun hannun nan yake. Ɗan kawuna ne, uwata gwaggonsa ce, katanga ɗaya ta raba tsakar gidanmu da rumfarsa. Abin da ya haɗa mu kuwa wata ƙara ce a cikin akwatin rediyona.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, sai aka ɗauke ni soja. Da aka ga ina gane baƙaƙe, aka sa ni cikin 'yan rediyo. A can na koyi bugun waya, gajere da dogo, har kunnena ya saba ina rubuta saƙo ba tare da na tsaya tunani ba. Na koyi liƙa waya da dalma, na koyi gano inda akwati ya mutu. Na dawo gida da muƙamin sarjan, da wata adaka cike da tarkacen rediyo, da kuma saurin hannu wanda ban tafi da shi ba. Na taɓa marin mai ga-ruwa don garwarsa ta bugi ƙofata. Na taɓa jifan matata da buta don ta kira ni sau biyu. Mutanen unguwa sukan ce soja ne, a ƙyale shi, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin izini.

Da tarkacen nan na haɗa akwatina a cikin ɗan ɗakin da ke kusa da zaure. Ba don kiɗa na yi shi ba, ba kuma don labarai ba. Akwai mutane a ƙasashe masu nisa da suke da rediyo a gidajensu, suna bugo wa juna waya don sha'awa kawai, babu wanda ya sa su. Wani manomi ne, wani likita, wani tsoho ne da ya ajiye aiki. Su gaisa, su faɗi yadda sanyi yake a garinsu, su faɗi irin wayar da suka rataya a kan rufi. Ni ba ni da takardar izinin aikawa, sauraro kawai nake yi. Amma in na ɗora kaski, abin sauraron, a kunnuwana bayan la'asar, na fara murɗa akwatin a hankali, abubuwan da na gani a soja sukan yi shiru a kaina. A nan kaɗai suke yin shiru.

Rediyo irin wannan tana son waya doguwa a sama, anteni, kuma iya tsayinta iya jinka. A lokacin an kafa turakun wuta a titinmu, kowanne da ƙarfe a gicciye a samansa, da wasu kofuna farare na tangaran waɗanda waya za ta zauna a kai. Ba a riga an ja wayar ba, turakun suna tsaye haka nan wata da watanni. Ɗaya yana daidai ƙofar gidanmu, ya fi kurnar tsakar gida tsayi nesa ba kusa ba. Wata rana da hantsi na hau shi na ɗaure antenina a jikin ƙarfen. Wajen juyowa na ɗora ƙafa a kan kofi ɗaya, na ji ya ce ƙas. Na duba, na ga tsaga siririya a wuyansa ta ƙasa. Na san in aka gani gardi, ɗan sandan Nasara, za a turo mini. Na sauko na kwaɓa farar ƙasa, na sake hawa na shafe tsagar da ɗan yatsa har ta ɓace.

Da mai unguwa ya sa aka yi shela cewa masu jan waya suna tafe, kowa ya cire abin da ya rataya a turke, sai na hau cikin gaggawa na datse antenin da almakashin ƙarfe. Guntun da na nannaɗe a jikin ƙarfen na bar shi a can. Na mayar da antenin kan kurna, na manta da maganar.

Shi kuwa taubashina tun muna yara ba ya barina in sha iska. Bawana yake kirana, ni ma haka nake kiransa. In ya gan ni da kaski sai ya leƙo ta taga ya tambaya ko aljanun sun ce za a yi ruwa bana. Kowace shekara ranar cika-ciki da sassafe zai shigo da igiya, ya kama ni ya ɗaure a turmi ko a ƙofar zaure, mata suna dariya, ba zai kwance ni ba sai na fanshi kaina da goro. Ko da na dawo daga soja kowa yana tsorona, shi bai fasa ba. Haka al'ada take, taubashi ya faɗa maka abin da ya ga dama, kai kuma ba ka da ikon yin fushi. Ni da shi mun san haka tun kafin mu san alwala.

Kuran ya iso unguwarmu da bazara. Ba ya wuni, sai bayan la'asar ake tayar da injin gari, a kashe shi da dare. A makon ne taubashina ya kawo wani ɗan inji mai juya faifan goge azurfa, aka jona masa wuta a rumfa. In yana aiki kana hango tartsatsi shuɗi yana wasa a cikinsa. A makon ne kuma akwatina ya kurumce. Da na ɗora kaski sai in ji kamar ana zuba ƙullun ƙosai a tafasasshen mai, ba tsayawa, daga wannan ƙarshen akwatin har wancan. Mutanen nan nawa suna can ƙarƙashin suyar, ina ɗan jin alamarsu kamar mai kira daga cikin rijiya, amma ba na iya ɗaukar ko kalma ɗaya.

A soja an koya mana cewa inji mai tartsatsi yana shiga rediyo. Wannan gaskiya ne. Da shi na tsaya, ban ƙara gaba ba. Na zagaya rumfarsa na ce ya kashe injin nan, yana kashe mini akwati. Akwai mutane zaune a kan tabarma suna jiran aikinsu. Bai ko ɗaga kai daga munduwar da yake gogewa ba.

"Ashe ka gane, bawana. Ni ne. Aljanunka na kama na zuba a cikin injin, su ke juya mini shi. Kawo goro in sako maka guda."

Aka bushe da dariya. Ni ma na ɗan murmusa don kada a ce na kasa ɗaukar wasa, amma na koma gida da haushi. Daga ranar kullum sai ya ƙara. In ya tayar da injin sai ya buga katanga da guduma ya ce Sarjan, an fara. In na wuce ya ce aljanun suna gaishe ni, sun ce abincinsa ya fi nawa daɗi. Shi wasa yake yi irin wanda ya saba. Ni kuma kowace magana ina ajiye ta a matsayin ya amsa laifi da bakinsa.

Akwai abubuwan da suka isa su tsayar da ni. Yakan kashe injin ya tafi sallar magariba, suyar ba ta tsayawa. Na ce wa kaina wutar da ta rage a wayoyinsa ce. Ranar da aka yi ruwan farko, akwatin ya washe tas, na ji wani mutum daga wata ƙasa mai ƙanƙara kamar yana zaure. Na ce ai don rumfarsa tana yoyo ne ya rufe injin da buhu. Matata, wadda takan kawo mini ruwa ta ɗan tsaya tana jin abin da ke fita daga kaskin, ta ce ita ta lura ƙarar tana tashi in iska ta kaɗa, tana kwantawa in iska ta kwanta. Na ce me ta sani a ciki. Da ta maimaita, na hankaɗe ta har ta bugi ƙyauren ɗaki, kwanon ruwan ya kife. Ta ɗauki kwanon ta fita.

Kuma na san yadda ake neman irin wannan ƙara. A sansani in ta dame mu, mutum ɗaya yakan zauna da kaski, wani ya bi turakun wuta ɗaya bayan ɗaya yana dukan gindinsu da gungumen itace. Turken da aka doka ƙarar ta yi tsalle, a nan ɓarnar take. Na sha yin wannan da hannuna. Ban yi a titinmu ba, domin na riga na sami wanda nake so ya zama shi ne.

Barci ya ƙaurace mini a kwanakin. Abin da nake gudu a cikin kaina ya dawo, ba ni da inda zan ajiye shi. Na fasa fitilar akwatin guda da hannuna don haushi. Na doki jakin wani baƙauye da ya tsaya a ƙofata har mai shi ya riƙe mini riga yana roƙo. Uwata ta kira ni ɗakinta ta ce in je in zauna da malam, na ce mata lafiyata ƙalau.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, zafi kamar ya narke mutum. Na ɗora kaski tun kafin a tayar da injin gari. Na kama wani bugu siriri daga wuri mai nisan da ban taɓa kamawa ba, hannun mutumin a natse, ina bin sa harafi bayan harafi. Yana gab da faɗin sunan garinsu sai kuran ya zo, suyar ta rufe shi. A daidai lokacin na ji guduma a katanga.

"Sarjan, an fara. Yau ma aljanun sun ce ba za su zo ba."

Na cire kaskin na yar. Matata tana surfe a tsakar gida. Na fisge taɓaryar daga hannunta tana sama, na fita ta zaure. Na ji tana kiran Inna, uwata.

Yana zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafa ɗaya, faifan yana juyawa. Da ya gan ni da taɓarya sai ya yi dariya, ya ce bawansa ya zo daka masa fura. Na ɗaga na sauke a kan injin. Murfin ya tsage, tartsatsi ya watsu, faifan ya fita ya daki kwanon ruwan sanyaya ƙarfe. Mutanen da ke kan tabarma suka watse. Na sake ɗagawa. Shi bai gudu ba, bai kuma kare kansa ba. Injin ya yi ƙoƙarin karewa. Ya ɗora hannun dama a kai, tafin a buɗe, yana kallona, bakinsa bai gama rufe dariyar ba. Ina ganin hannun. Wannan nake so in faɗa a sarari, domin daga baya mutane sun yi ta cewa tsautsayi ne, ban gani ba, ni kuma na bar su suna faɗa. Na gani. Ina da lokacin da zan tsaya. Na sauke taɓaryar da duk ƙarfina.

Ƙarar da ta fito ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Bai yi ihu ba da farko. Ya ɗaga hannun yana duba shi, yatsu biyu sun juya inda yatsa ba ya juyawa, bayan hannun ya lotsa, jini yana bin gwiwar hannu yana ɗiga a kan buzu. Sannan ya faɗi gefe yana wani irin nishi. Maza suka taru a kaina ta baya, wani ya shaƙe ni, wani ya murɗe mini hannu har taɓaryar ta faɗi. Na ciji ɗaya, na fasa wa ɗaya leɓe da ƙeya, kafin suka danne ni a ƙasa fuskata cikin toka.

Wasu suka ce a kira gardi. Kawuna ya iso daga masallaci da carbi a hannu, ya dubi ɗansa, ya dube ni, ya ce ba za a kai ɗan ƙanwarsa gaban Nasara ba. Ya sa aka kira maɗori. Da maɗorin ya zo ya tattaɓa hannun, ya ce sai an sami ƙaƙƙarfa ya riƙe shi, don in ya motsa ɗorin ya lalace. Kawuna ya nuna ni da carbin.

"Ga ƙaƙƙarfa nan. Ku sake shi ya zo ya riƙe."

Na zauna a bayansa, na zagaye ƙirjinsa da hannuwana, na danne cinyoyinsa da ƙafafuna. Maɗorin ya fara jan yatsun ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su. Ina jin ƙasusuwan suna gogar juna ta cikin jikinsa zuwa nawa. A nan ya yi ihun. Ya banƙare, ƙeyarsa ta daki hancina har jini ya ɓalle, ban sake shi ba. Ya kira uwarsa da ta rasu tun muna yara. Ya yi fitsari a wando, ya jiƙa ni. Aka jera karare aka ɗaure da tsumma, sannan jikinsa ya saki a hannuna. Uwata tana tsaye a bakin rumfar, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

Na koma ɗakina kafin magariba da jininsa da nawa a riga. Ban san abin da ya sa ba, na ɗauki kaskin daga ƙasa na ɗora. Injin yana can a farfashe bayan katanga. Suyar tana nan yadda take, ko kaɗan ba ta ragu ba.

Washegari da aka tayar da injin gari, na roƙi matata ta zauna ta sa kaskin. Ban taɓa roƙonta komai ba kafin ranar. Na ce in ta ji ƙarar ta canja ta buga ƙyaure. Na ɗauki taɓaryar, wadda ta wanke ta jingine a bayan ɗaki don ta ce ba za ta ƙara daka abinci da ita ba. Da na fito titi da ita yara suka ruga gidajensu, mai shayi ya tashi tsaye. Na fara daga turken bakin kasuwa ina dawowa, ina dukan gindin kowanne, ina sauraro. Shiru. Mutane suna bina daga nesa, sun ɗauka na haukace. Na bar na ƙofar gidana a ƙarshe, kuma na san dalilin da ya sa na bar shi. Da na doke shi, ƙyauren ɗakina ya amsa tun kafin in sauke hannu. Na ɗaga kai. Guntuwar wayata tana lilo a jikin ƙarfen tana taɓa kofin, ruwan sama ya wanke farar ƙasar, tsagar ta yi baƙi kamar an zana ta da gawayi. Na kasa kunne, har daga ƙasa ana jin wani ɗan tsit-tsit.

Na je gidan wuta, inda injin gari yake, na faɗi abin da na yi, da hawan da shafa farar ƙasar. Aka tsare ni 'yan kwanaki a kaso, wani gardi ya zane ni da bulala a ranar farko, ban ji haushinsa ba. Suka canja kofin, suka cire guntuwar wayar. Da na fito na kunna akwatin, ya washe kamar ranar ruwan farko.

Na shiga wurin taubashina yana kwance a zauren kawuna, hannun a kan matashi ya kumbura har kafaɗa. Na durƙusa na faɗa masa duka, cewa ba injinsa ba ne, turken ƙofata ne, kuma ni na fasa kofin da ƙafata. Na so ya zage ni. Na so ya ce bawana, ashe aljanun naka ne suka ci amanarka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Sarjan. Na gode da ka zo." Da irin muryar da ake yi wa baƙo ya faɗa.

Ɗorin ya kama, amma yatsu biyun sun sandare, babban yatsan kuma ba ya haɗuwa da manuni. Ya gwada komawa rumfa. Ta katanga ina jin 'yar gudumarsa tana bugu biyu uku ta tsaya, sai wani abu ya faɗi ƙasa. Kafin kaka ya ba wani maƙeri kayan aikinsa, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyen Gouna wurin dangin matarsa, ya kama noman gero da gyaɗa. Fartanya ba ta neman yatsu irin yadda zobe yake nema. Uwata ba ta ƙara cin abin da aka dafa a tukunyar gidana ba har ta rasu, daga gidan ɗan'uwanta ake kawo mata. Cika-ciki ta zo, na zauna a tsakar gida tun asuba da goro a aljihu, babu wanda ya shigo.

Shekarar da aka sami mulkin kai, maƙwabta sun cika zaurena suna sauraron jawabai a akwatin nan, na cire kaskin na haɗa masa lasifika, murya tana fita tas. Suna ta yaba aikin hannuna. Da cika-cikin da ta biyo baya ta kusa, na sayi sabuwar igiya ta kaba mai kauri, na ƙulle goro a ganye, na hau motar 'yan kasuwa zuwa Gouna.

Na same shi a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya da hannun hagu, na daman yana danne ta da gefen tafi. Ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, ya tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Na fito da igiyar na ajiye a gabansa, na haɗa wuyan hannuwana biyu na miƙa masa. Ya dubi hannuwan nawa, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya ɗauki igiyar, ya ja ta tsakanin haƙori da hannun hagu ya gwada ƙarfinta. Ya ce igiya ce mai kyau, ya gode. Ya kira matarsa ya ba ta, ya ce ta ɗaure akuyar nan da ke shiga gonar mutane.